Manzo Mai Ɗinkin Buhu

A shekarar 1973 na fara ganin Manzo, a Kanan-Bakache, ranar rabon hatsin agaji. Fari ya koro shi daga wani ƙauye na arewa, shi da matarsa Hamsatu da 'ya'ya uku, sunansa kuwa ba ya cikin takardar rabo. Ni ke riƙe da takardar, don na yi lakwal, wato makarantar boko, ta mishan, ina jin Faransanci da Ingilishi. Na ƙara sunansa a ƙasa. Zan so in ce tausayi ne, amma gaskiya layi guda ne ya rage a shafin, ni kuwa ba na son shafi mai giɓi. Bai yi doguwar godiya ba. Daga baya ya samu aikin ɗinke buhuna a ɗakin ajiyar hatsi.

A lokacin ina da kaye, wato littafin rubutu, mai shuɗin bango, inda nake tara salon maganar Ingilishi. Shafi biyu cur na ba kallon gaggawa kaɗai. Bature yana jefa ido, yana satar kallo, yana harbin mutum da ido. Wadda na fi ƙauna ita ce "at a glance", wato gane abu da kallo ɗaya. Wata rana na karanta wa Manzo su duka yana ɗinki. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaya ko a cikinsu akwai wadda ke gaya wa mutum inda zai duba. Na ce masa ba haka ake koyon harshe ba.

Da soja suka karɓi mulki, hatsin agaji ya zama abin da ke kai mutum gidan kaso. In kaya suka yi ƙasa, wanda ya sa hannu shi ke amsawa. Wata safiya kamiyo, babbar motar kaya, ya zo da buhu sittin na jar dawa, tare da wani sarjan da wani Bature na masu agaji. Baturen ya ce in duba kayan in sa hannu. Shekara biyu ina jiran wannan dama. Na gitta ido bisa tarin, na gaya masa da Ingilishi cewa da kallo ɗaya na ga komai lafiya. Ya yi murmushi, na ji kamar an rataya mini lambar yabo. Na cire murfin alƙalami.

Manzo yana wucewa da basilla a hannu. Ko tsayawa bai yi ba.

"Mushe Dauda," ya ce mini, da laƙabin girmamawa na Faransanci, "na ƙasan nan ba ɗinkin inji ba ne. Hannun mutum ne, kuma bahago."

Sarjan ya sa aka farke su. Buhu goma sha ɗaya, sama dawa, ƙasa yashi. Inda aka yi wannan aiki a hanya, ban taɓa sani ba. Baturen ya dube ni, ya dubi Manzo. Wannan kallon ba ya cikin kayena, amma na gane shi sarai. Da na je godiya, Manzo ya ce shi dai ɗinkin ne ya ba shi haushi, don mummuna ne.

Ya rasu a farin da aka yi a 1984. Na je gaisuwa, Hamsatu ta gaya mini abin da ban lura ba duk tsawon shekarun nan, ni gwanin kallo. Duk ranar da kamiyo ya zo, Manzo ba ya karin kumallo. Yana riga ni zuwa, ya zagaya tarin, ya tsaya kusa har in sa hannu. Ta taɓa tambayarsa dalili.

"Mutumin nan ya rubuta mu ranar da ba mu da suna," in ji shi. "Rubutunsa da kyau. Gani ne ba ya yi."