Motar da Ba Ta Kai Kaka Kwari Ba

Shekarar da ƙafafun Kaka suka daina ɗaukarta, Baba ya yi alkawarin sayen mota don a riƙa kai ta lambunta na dabino, can cikin kwari ta wajen Kelle. Amalanke na karya mata baya, ita kuwa da hannunta ta dasa rabin itatuwan nan.

Motoci biyu dillali ya kawo ƙofar gidanmu. Ɗaya tsohuwar kat-kat ce, irin mai ratsa rairayi, doguwa, fentinta ya koɗe kamar zanen da ya sha wanki. Ɗayar kusan sabuwa, baƙa wul, cikinta dab da ƙasa, tana hura sanyi. Yayana, da ya zo hutu daga Damagaram, tun ba a kashe injin ba ya gama zaɓe.

A kan kwalta suka gwada su. Kwalta! Sai ka ce a bakin titi dabinon Kaka ya tsiro.

Na ce, "Yaya, a kai su tudun rairayi mana, a ga wadda za ta hau."

Ya yi dariya. "Malama, ina ke ina mota? Koma ki rubuta wa taurari waƙa. So kike a ce mun sayi akwalar da ta girme ki?"

"Kaka ma ta girme ni, ai ba mu yar da ita ba."

Dillali ya ƙyalƙyale. Baba kuwa yana ta shafa kujerar sabuwar, ita kuma ya saya. Ba wanda ya leƙa ɗaki ya tambayi wadda ake sayen motar dominta. Har yau wannan ya fi ci mini rai.

Bayan kwana uku muka ɗauki Kaka, ta sha sabon mayafi har da turare. A tudu na biyu tayoyi suka nutse. Aka rage musu iska, aka tona, aka tura, mota ta ƙara kwanciya da cikinta. Daga nan kawunan dabino kawai ake hangowa, kore shar a bayan tudu. Yaya, rairayi har gira, yana ta zagin hanya.

Kaka ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "'Yar nan, sauke mini gilashin nan, ko iskar kwarin in shaƙa."

Na danna maɓalli, shiru. Ashe sai an kunna mota yake sauka, makulli kuma yana aljihun Yaya. Na fita, na wangale mata ƙofar, na zauna a rairayi kusa da ƙafafunta.

Yaya ya ƙwala mini kira in zo in kama turi. Ban tashi ba.