Sabo Maƙeri da Bindigar Babanmu

Har yau ina jin haushin Sabo maƙeri, amma duk ranar kasuwar Bici sai na sayo masa goro.

Shekara arba'in yana ƙera fartanya da lauje a bakin garinmu. Gyaran bindigar toka kuwa gadonsa ne. Sai dai mutumin ba ya yarda da ido, ba ya yarda da rantsuwa. Ko fentin Makka ka shafa wa bindiga, sai ya ce, "Ƙarfe ba ya jin kunyar kowa."

Da aka haifa mini ɗan fari, na ɗauko bindigar marigayi babanmu daga bayan rumbu, na goge ta da man gyaɗa har tana sheƙi. Niyyata in harba ta da hannuna ranar suna, kamar yadda ya harba ranar nawa. Maijidda, matata, ta kafe sai Sabo ya duba.

Ya zura sandar ɗuri, ta tsaya a rabi. Ya girgiza, sai ga busasshiyar laka tana zubowa.

"Sha'aban, zanzaro ya yi gini a ciki, har da ɗaki da falo."

Ya wanke cikin tas. Na miƙa hannu, ya doke shi.

"Ina za ka? Ba a gwada ba."

"Haba Baba Sabo! Bindigar da ta kashe gyado bakwai?"

"Da ƙuruciyarta ba."

Ya ɗura albarushi ninki biyu, ya ɗaure ta tamau a jikin darbejiya, ya sa wa kunamar da ake ja a harba doguwar igiya. Ya kore mu bayan katanga har da awaki. Ni kuwa sai ƙunƙuni nake, ina cewa tsufa ne ya sa shi tsoro.

Ya yi bisimilla, ya ja.

Daram! Da hayaƙi ya washe, bututun ya tsage gida uku, daidai inda ake riƙewa. Wallahi kuka na yi, don ita kaɗai ce abin babanmu da ya rage mini.

"Ka kashe mini ita!" na ce.

Sabo bai ba ni haƙuri ba. Ya kamo hannuna na hagu, ya juya shi, ya duba yatsun ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sake.

"Tafi gida," ya ce. "Jaririn nan yana bukatar mai ɗaukarsa."