Zoben Malam a Saman Fom

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da Talatar da aka kira ni ofis aka ce jarirai tara sun mutu a hannuna cikin wata guda ba. Ni ban yi karatu ba, ƙanwata ce ke rubuta muku ina faɗa. Idan na tsaya kuka, ita ma tsayawa take.

Ungozoma ce ni a ƙasar Kabo, wajen Dugabau. Da aka yi mana horo, aka ba kowace akwatin aiki da kati da fom na wata-wata. Fom ɗin gida huɗu ne a jere. Na farko mai faɗi, na sunan mai jego. Na biyu, jariri ya rayu. Na uku, ya koma. Na huɗu, an tura asibiti. Ranar suna sai in ja sanda ɗaya a gidan da ya dace.

Maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, shi ke rubuta min sunayen. Duk sabon fom da na kawo kuma sai ya zana ɗan zobe a saman gidan masu rai, ya ce, "Ga naki nan, Asabe. Sauran kada Allah ya kai hannunki." Shekara goma sha ɗaya zoben nan nake bi.

A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Kano Malam ya rasu, bayan zazzaɓin kwana uku. Ina cikin takaba aka ce takarda ta yi tsada, sai a matse fom biyu a falle ɗaya. Aka kai aikin wani shagon kwamfuta a Gwarzo. Duk wannan daga baya na ji.

Da na koma aiki aka miƙo min sabon fom, ƙarami, babu wanda ya ce min komai. Malamar Islamiyyarmu ta riƙa rubuta sunayen, ni kuma in ja sandana a gida ni kaɗai. Babu zobe, to amma na san wurinsa: gida na biyu. Haihuwa tara, sanda tara.

Talatar nan da na je ofis, Alhaji Sule, jami'in lafiyar da ke kula da mu, ya amsa gaisuwata bai ɗago kai ba.

"Inna Asabe, tara kika karɓa?"

"Tara, ranka ya daɗe."

"Kuma duk taran sun rasu."

"Wa ya faɗa?"

"Ke kika faɗa. Ga hannunki."

Ya ce rahoto ya riga ya tafi sama, ƙa'ida kuwa a karɓi akwati da kati har kwamiti ya zauna ranar Litinin. Na ajiye akwatin na fito hannu biyu. Kafin Juma'a magana ta zaga. Wata mai ciki da na karɓi 'ya'yanta huɗu ta aika wa wata ungozomar daban.

Na bi gidajen nan tara ina roƙon mazan su bar matansu su fita, ga shi wasu ba su yi arba'in ba. Takwas suka yarda. Na taran ya ce matarsa ba ta fita, amma kakar yaron za ta kawo shi. Ranar Litinin muka cika akori-kura.

Maza uku ne a kwamitin, kowa da biro. Na shigo da mutanena na jera su, na ce, "Ranku ya daɗe, ga mamatan. Wancan na tsakiya ku yi masa uzuri, nono yake sha."

Babu wanda ya yi dariya. Shugaban ya ƙirga su sau biyu, ya rubuta. Sannan aka ɗora tsohon fom da na zo da shi kusa da sabo, aka ga gida na biyu da na uku sun yi musayar wuri.

Washegari Alhaji Sule ya kai ni Gwarzo da kansa. Mai shagon, Malam Nasiru, dattijo ne, tsohon mai buga tafireta. Babu wuta, sai da ya tayar da janareto. Ya nuna mana gidajen a gilashin kwamfutar, ya ce rubutun saman gidan masu rai ya yi tsawo, na mamata gajere, shi ya sa ya juya su don su shiga rabin falle.

"Ai na rubuta a saman kowanne, Inna."

"Wa ka rubuta wa, ɗan nan? Mu ungozomomi sha huɗu ne, biyu ke karatu."

Ya kama wani abu kamar sabulu yana turawa a tebur, layukan suna matsawa. Ya rage gidan suna kaɗan, kowane gida ya koma mazauninsa. Sai idonsa ya kai kan tsohon fom.

"Wannan ɗan zoben fa, na mene ne?"

Nan na kasa daurewa. Na yi kuka a shagon mutane, janareto na ruri, har Alhaji Sule ya fita waje. Da na samu baki na gaya masa. Ya juya ya zana zobe a saman gida na biyu.

Na ce, "Na Malam bakinsa bai haɗe ba."

Ya goge, ya sake, ya bar masa baki. Injin ya turo takardar da ɗuminta.

An mayar min da akwatina. Mai cikin nan ma ni na karɓi haihuwarta, mace ta haifa.

Abin da na koya: mai tsara fom bai taɓa ganin mai jego ba, mu kuma ba mu taɓa ganinsa ba, alhali sunanmu yana hannunsa. In an canza muku takarda, ku tambaya kafin ku ja sanda. In ku ne masu canzawa, ku nemi wadda za ta cike ta tukuna.

Ku 'yan yanzu duk kuna karatu, kuna tambaya zoben nan na saman fom ɗinku amfanin me yake. Na mijina ne. In kun ja sanda a ƙarƙashinsa, ku ce Allah ya jiƙan Malam.