Mode Mai Gora, Wanda Ke Zazzage Buhun Iska

Da gari ya waye a Wurno, Mode kan ɗaure doguwar gorarsa a gefen babur, ya jefa ɗan farin akwatin intanet cikin jaka, ya kama hanya. Yau Magarya, gobe Rabah, ran kasuwa Goronyo. Aikinsa kafa wa mutane akwatin nan a gida, irin mai araha da ake zuba wa data in an samu hali, in ta ƙare ya yi tsit. La'ada kamfanin ke ba shi a kan duk wanda ya kafa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa, gidajen da ya hana saye sun fi waɗanda ya kafa wa yawa.

Dillalin albasa ne a da. Ya san manyan a bakin buhu ake jera su, ruɓaɓɓun na can gindi. Da wannan idon yake kallon intanet. Masu talla kan kafa rumfa da hantsi a gindin sandar sabis, su nuna hoto na gudu kamar an buɗe ƙofar dam, takardarsu kuma ta ce "ba iyaka". Mode kan taɓe baki ya ce, "Ba iyaka sai ikon Allah. Wanga bakin buhu na. A zazzage mu ga gindi."

Ga yadda yake zazzagewa. Ya kai akwatin gwaji gidan mai saye, ya ɗaure shi a kan gora, ya bi zaure da ɗaki da bayan rumbu. Ba ya gwaji da safe, sai bayan la'asar, sa'ad da kowa ya dawo daga gona ya ɗauki waya, sabis ya cunkushe. Inda abin ya tsaya da ƙafarsa, kamar cikin garin Wurno, yakan kafa. A wani gida a Magarya kuwa, duk faɗin gidan ba inda sabis ya sauka sai daidai turken jaki. Na je na gani. Har yau ina tunanin abin da iska ta gani a jakin nan.

Sai maganar Uwaliya, wata tsohuwa a Dinawa. Ɗiyarta Latifa na aure a Fatakwal, ta yi haihuwar fari, ƙafafun Uwaliya kuwa ba su iya doguwar mota. Mai talla ya ce mata da akwatin za ta ga suna kamar tana zaune a tsakar gidan. Ta yanke shawarar sayar da tunkiyarta, ita ke nan gare ta, ga ciki. Aka kira Mode. Ya zagaye gidan da gora, hoto ya zo ya daskare, ya zo ya daskare.

"Inna, kak ki sai da tunkiyarki," in ji shi. "Akwatin ga ba shi yi miki aiki nan."

"Mi kac ce? Da idona nig gani kasuwa!"

"Kasuwa anka nuna miki. Nan Dinawa ta."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Hwaɗi gaskiya dai, wa yab ba ka goro ka kai mai akwatin nawa? Ban taɓa ganin mahauci na hana sayen nama ba."

"In naman ya kwana shi kan hana, Inna."

Ba ta yarda ba. Sai ya bar mata akwatin gwajin ta gani da kanta. Da ya dawo ta tare shi tun daga ƙofa, wai mushe ya kawo mata, ko motsi bai yi ba. Ya ce ina yake? Ta jawo adakar ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta buɗe kwaɗo, ta ɗaga zannuwa.

"Maƙwabta na ka zuƙe datar ta katanga, an gaya mani," in ji ta. "Shi yas sa niɓ ɓoye shi."

Mode bai yi mata dariya ba. Ya fito da shi, ya ɗaga a kan gora, ya miƙa mata waya. Ta kira Latifa, fuska ta fito rabi, baki a buɗe, ta tsaya cik. Uwaliya ta daɗe tana kallo. Ta ce, "To yanzu shi ke nan, ba ni ganin jikana?"

Ran suna ya zo da babur, ya goya ta zuwa wani tudu a hanyar Wurno, inda ya daɗe da sanin sabis na zama daram. Ya shimfiɗa mata buzu, ya tsaya cikin rana riƙe da gora. Jariri ya fito tar. Uwaliya ta ƙwala ihu, "Kunnuwan marigayi maigidana na! Latifa, juyo mani shi!" Ta yi guɗa ita kaɗai a kan tudu, masu wucewa na waige. Tunkiya na nan gida tana tuƙa.

A hanyar komawa ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Har yanzu ban gane mi kaka ci cikin sana'ag ga ba."

Kamfanin ma bai gane ba. A watan jiya ya sallame shi, wai cinikinsa ya yi kaɗan.

Mode, kai ne ɗan kasuwar da "a'a" ɗinsa ta fi "i" ɗin wasu albarka. Kai ne mai gwada wa talaka kafin ya kwance dabbarsa. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya buɗa maka wata ƙofar. Ku kuma masu sayar mana da abin da ido ba ya gani, ku yi koyi da shi. Ku taka zuwa gidan mai saye, ku tsaya inda zai zauna, ku faɗa masa abin da kuka gani, ko da ranar za ku koma gida hannu rabbana.