Mutumin da Ya Ƙi Haurawa Saman Bututu

Kullum da safe, kafin masunta su dawo bakin gaɓa, za ka gan shi ya naɗe ƙafar wando, ya rataya jakar kwalabe. Baba Kwalba ake ce masa. Aikinsa a hukumar kula da ruwa shi ne ɗibar ruwan kogi da kifi ya kai ɗakin gwaji. Makon jiya ya yi ritaya, a kan matsayin da aka ɗauke shi tun yana saurayi, kuma abin ya ƙona min rai.

Laifinsa ɗaya ne: inda yake tsayawa. Kamfanin batir yana da bututun da ke zubo ƙazanta cikin kogin. In ka ɗebi ruwa a saman bututun, gwaji zai fito tas. Shi kuwa a ƙasa yake ɗiba.

Wani direban hukumar ya ba ni labarin ranar da oga ya kira Baba Kwalba.

"Malam, kogin ai ɗaya ne. Ka ɗan haura sama mana."

"Ranka ya daɗe, masunta a ƙasa suke jefa koma."

Daga ranar ƙarin girma ya manta hanyar teburinsa.

Yayata mai sayar da kifi ce. A gabanta Baba Kwalba ya feɗe karfasa: hanta ta yi baƙi, ƙashin baya ya karkace. Ya ce, "Ƙanwata, gubar dalma ce. Wanki ba ya fitar da ita, suya ma haka. Kar ki ba yaranki." Ta wanke shi tas da baki, don ya kore mata masu saye. Amma washegari can saman kogi ta koma saro kifi.

Baba, kai ne masunta suka watsa wa laka, kai ne ruwan ya cinye wa fatar ƙafa. Ranar sallamarka manyan da ba su taɓa jiƙa takalmi ba suka miƙa maka agogon bango suna murmushi, ko kunya babu.

Mun gode, Baba. Allah Ya saka maka da alheri.

Jiya na hango wanda ya gaje ka a saman bututu, wandonsa a bushe. Ɗan'uwa, yaranmu ne ke cin kifin nan. Don Allah ka sauko ƙasa.