Takardar Inna

Malamin da ya sa ni bincike a jami'a ba don ƙwaƙwalwa ya zaɓe ni ba. Ni kaɗai ce mace a ajin, ni ce zan iya shiga wurin matan aure, shi ke nan. Da dogon hutu ya zo, a shekarun da aka fara kiran garinmu Suleja, ya ɗora mini kwali cike da takardun tambayoyi a kan haihuwa da raino. Ya ce in aikin ya yi kyau zai riƙe ni a sashensa bayan digiri, abin da nake so kamar me. Sharaɗinsa ɗaya ne: abin da aka faɗa shi zan rubuta, ban da ƙari.

Na yi yawo daga Kwamba har Gauraka, sai da takalmina ya tsinke. Matan kudu masu haya sukan lissafo 'ya'yansu tsaf. Namu kuwa, tambaya ta uku ce ta kai ni ƙasa: 'ya'ya nawa? Uwa ba ta sa ɗan fari a lissafi, kunya ba ta barinta ko sunansa ta kira. Sai mace ta ce uku, alhali babbar tana gefe tana tankaɗe.

Na rubuta wa Malam wasiƙa, ina tambaya ko in riƙa ƙara 'ya'yan fari a lissafin. Bahaushe ne fa, ya san wannan sarai, amma bai daɗe da dawowa daga Turai ba. Amsarsa layi ɗaya ce: ke mai tattarawa ce, ba mai gyara ba.

Takarda ta ƙarshe a gidanmu na cika ta, don ƙafata ta gaji. Mahaifiyata tana tsintar shinkafa.

"Inna, 'ya'ya nawa?"

"Huɗu," ta ce, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Mu biyar ne, ni ce ta fari.

"Inna, ki dai sake ƙirgawa."

"Ke, rubuta abin da aka ce miki ki tashi ki duba tukunya."

Na rubuta huɗu. Ban ji haushinta ba, na san tana sona. Gajiya kawai na ji.

Malam ya yaba aikin ƙwarai, ya ce ga gurbi. Na ce na gode, koyarwa zan koma gida. Ba zan iya zaman shekaru ina kare takardun da ni kaina ba na cikinsu ba.