Dakta a Kan Rufin Zaure

Jiya da hantsi ina riƙe da tsani, ɗana Dakta Habibu yana kan rufin zaure da kwamfuta a cinya, suna taro da abokan bincikensa na ƙasashen waje. Duk gidanmu can ne kawai sabis ke sauka.

Na daɗe ina cika baki a majalisa cewa yarona ne ke koya wa kwamfutocin duniya gaisawa da juna, manyan masana ma sai sun ambaci sunansa a rubutunsu. Bana taki ya gagara, rumbu ba nauyi, wannan kurin kaɗai ya rage min.

Sai ga maƙwabcina Malam Iro da fartanya a kafaɗa. Ya ɗaga kai ya ce, "Baban Dakta, mai haɗa duniya ne can sama yake farautar sabis?"

Na ce, "Gayya suke yi, Iro, irin ta masu ilimi."

Ya ce, "To wace gayya ce ke tsallake gonar gida?"

Sai Habibu ya leƙo ya ce, "Baba, ai a kan ƙauyuka irin namu muke aikin. Yanzu na juya kyamara na haska musu kai da tsanin, sun ce ga matsalar nan ƙiri-ƙiri."

Wato ni da na tsere daga firamare, na shiga binciken duniya ba ko hula, a matsayin matsala.

Iro kuwa gida ya ruga ya sako babbar riga, wai shi ma a haska shi.

Ku a garinku, me kuke hawa kafin ku karanta wannan?